Muhawara kan dokokin hana shaguna sayar da 'yan kwikwiyo da 'yan kyanwa a Amurka da Turai

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata doka da ta fara aiki a nan jihar Niyok tun ranar 15 ga Disamban 2024, wadda nake son masana shari'a da masana dabbobi da ke cikinmu su duba mana. Dokar ta haramta wa shagunan dabbobin gida sayar da karnuka da kyanwoyi da zomaye. Gwamna Kathy Hochul ce ta sanya mata hannu a Disamban 2022, aka kuma ba masu shaguna wa'adin shekara biyu su gyara sana'arsu ko su rufe. Abin da aka bar musu shi ne su ci gaba da sayar da abinci da sauran kayan dabbobi, sannan suna iya ba gidajen da ke tattara dabbobin da aka yasar hayar wani ɓangare na shagon, domin a nuna wa jama'a dabbobin da ke neman mai riƙo. Wanda ya saɓa, ana iya cin sa tarar da ta kai dala 1,000 a kan kowane laifi.

Hujjar da aka kafa ita ce, shagunan ne ke raya manyan gidajen kiwo inda ake azabtar da karnuka domin neman kuɗi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mai kiwon da ake zargi yana nan yana harkarsa da lasisin gwamnatin tarayya, kuma dokar ba ta hana mai kiwo sayar wa mutum hannu da hannu ba. Mai shago, wanda shi saye kawai yake yi ya sayar, shi aka rufe wa ƙofa. Ina son a fahimtar da ni inda adalci yake a nan.

Likitan Dabbobi:

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Kafin a yanke wa dokar hukunci, ya kamata a san hanyar da ɗan kwikwiyo ke bi kafin ya isa akwatin gilashin da ke shago. Akasarin waɗanda ake sayarwa a manyan birane ana haifarsu ne a gidajen kiwo da ke jihohin tsakiyar Amurka, irin su Missouri da Iowa da Kansas, inda mutum ɗaya kan tara karnuka mata masu yawa a keji, ba su da wani aiki sai ɗaukar ciki da haihuwa har ƙarfinsu ya ƙare. Da zarar 'ya'yan sun cika mako 8, wanda shi ne mafi ƙarancin lokacin da doka ta yarda a yi jigilarsu, sai dillali ya saye su a kan sari, ya loda su a mota, ya rarraba wa shaguna a jihohi masu nisa. Mai saye yana ganin ɗan kwikwiyo an yi masa wanka an taje shi, amma ba ya ganin uwar, kuma ribar kowa a cikin wannan harka ta dogara ne a kan kada ya gan ta.

Batun lasisi kuwa, yana da kyau a san abin da lasisin ke nufi. Dokar tarayya ta kula da dabbobi ta 1966 ce ta ɗora wa ma'aikatar noma alhakin ba da shi. Ƙa'idarta game da keji ita ce a auna kare daga kan hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara inci 6, wato kimanin santimita 15, to wannan shi ne tsawo da faɗin da doka ta amince da su, tare da inci 6 a saman kansa. Idan mai kiwo ya ninka wannan fili sau biyu, doka ba ta ma tilasta masa ya riƙa fito da karen ya motsa jiki ba. Ke nan karya na iya shafe rayuwarta a wuri guda tana haihuwa, mai ita kuma bai karya doka ba. Ko wannan ƙa'ida mai rauni ma ba a cika bin ta ba, domin a 2010 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar noma da kansa ya fitar da rahoto cewa jami'an sa ido ba sa hukunta masu maimaita laifi yadda ya kamata.

An kuma gwada gyara daga tushe. A Nuwamban 2010 masu zaɓe a Missouri suka amince, da ƙaramin rinjaye, da wata doka da ta taƙaita wa kowane mai kiwo karnukan haihuwa 50. Kafin shekara ta zagayo, majalisar dokokin jihar ta yi wa dokar kwaskwarima ta cire wannan iyaka. Idan jihar da kiwon yake ta ƙi ɗaure masu kiwonta, to me ya rage wa jihar da ake kawo mata kayan?

Ɗan Kasuwa:

Likita, Allah ya ƙara basira, amma bayaninka ya ƙara mini ƙarfin gwiwa ne a kan ra'ayina. Ka nuna cewa ƙa'idar keji ce ba ta da kyau, kuma jami'an gwamnati ne ba sa aikinsu. To a gyara ƙa'idar, a kori jami'in da ya yi sakaci. Ni ɗan kasuwa ne, kuma ina jin tsoron duk wata doka da za ta kashe sana'a sukutum saboda gwamnati ta gaza hukunta ɓata-garin cikinta. Mai shago yana da adireshi, yana biyan haraji, yana da ma'aikata, kuma hukuma na iya shiga shagonsa duk ranar da ta ga dama. Idan aka rufe shi, mai son ɗan kwikwiyo na wani jinsi ba zai fasa so ba, intanet zai koma, inda bai san wanda yake ciniki da shi ba. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a tilasta wa kowane shago ya manna sunan mai kiwo da lambar lasisinsa a jikin keji, a kuma hana shi saye daga duk wanda aka taɓa kamawa da laifi, sannan a bar mai saye ya zaɓa da kansa.

Barista:

Alhaji, tambayar da Likita ya rufe da ita ita ce zuciyar maganar, domin rikicin na hurumi ne. Majalisar birnin Shikago ba ta da ikon aika jami'i ya duba keji a ƙauyen Missouri, haka ma majalisar dokokin Niyok. Abin da ke hannunsu shi ne cinikin da ake yi a cikin iyakarsu, shi ya sa suka kama mai shago. Kuma ya kamata a lura cewa daga ƙasa aka faro wannan abu. Birnin Albuquerque na jihar New Mexico ya kafa irin wannan haramci tun 2006, Los Angeles ta bi a 2012, Shikago a 2014, daga nan ɗaruruwan birane da gundumomi suka biyo baya. Sai a 2017 jiha ta farko, wato Kalifoniya, ta yi tata dokar, wadda ta fara aiki a Janairun 2019. Maryland ta biyo ta, dokarta ta fara aiki a 2020, sannan Illinois da Niyok da wasu ƙalilan.

Masu shaguna sun garzaya kotu a wurare da dama, suna cewa birni ba shi da hurumin tsoma baki a cinikin da ke ratsa jihohi, tunda tsarin mulkin Amurka ya ba gwamnatin tarayya wannan iko. Akasari ba su yi nasara ba. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da dokar Shikago, bisa dalilin cewa dokar ba ta fifita mai kiwon gida a kan na wata jiha ba.

Da hanyar kotu ta toshe, sai suka koma majalisun jihohi, kuma a can ne suka fi samun biyan buƙata. Birnin Phoenix ya yi dokarsa a 2013, alƙalin tarayya ya tabbatar da ita a 2015, amma a 2016 jihar Arizona ta kafa dokar da ta ƙwace wa birane ikon yin irin wannan haramci, ta maye gurbinsa da kusan abin da Alhaji ya nema: a bayyana sunan mai kiwo, a kuma guji masu laifi. Ohio ta yi haka a ƙarshen 2016, bayan wani ƙaramin birni mai suna Grove City ya hana wannan ciniki, kuma kowa ya san babban kamfanin shagunan dabbobin gida mai suna Petland a jihar yake da hedikwata. Indiana ta bi sahu a 2024, inda dokar jiha ta shafe dokokin birane da dama, har da ta Indianapolis.

Ni a nan ne abin ya fi damuna, fiye ma da maganar karnukan. Mutanen gari sun zaɓi kansilolinsu, an zauna an saurari jama'a, an yanke abin da ake so a sayar a titunan garin, sai wata majalisa da ke nesa ta soke shi da kuri'a ɗaya. Wanda ya ce hakan daidai ne a Arizona, to sai ya yarda da shi a Niyok, inda jiha ta ɗora haramcin a kan garuruwan da ba su nema ba. Na lura kowane ɓangare yana kiran 'yancin ƙananan hukumomi ne kawai a ranar da ya dace da muradinsa.

Likitan Dabbobi:

Ina da ƙari a kan shawarar manna sunan mai kiwo. Sunan ba ya amfanar mai saye sai idan zai iya duba tarihin mai sunan, kuma tarihin yana cikin rahotannin binciken ma'aikatar noma. A Fabrairun 2017 ma'aikatar ta sauke waɗannan rahotanni daga shafinta na intanet ba zato ba tsammani, aka ɗauki tsawon lokaci ana jayayya kafin a dawo da su. Duk wata dokar jiha da aka gina a kan "kada a saya daga mai laifi" ta zama fanko a wancan lokaci, tunda babu inda za a ga laifin.

Sannan akwai lafiyar ɗan Adam. Tsakanin 2016 da 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi diddigin wata ɓarkewar gudawa da ƙwayar cutar Campylobacter ta haddasa, wadda ta kama fiye da mutum 100 a jihohi da dama, aka kuma gano tushenta a 'yan kwikwiyon shaguna. Abin tsoron shi ne ƙwayar ba ta jin magungunan da aka saba ba marasa lafiya, kuma binciken ya nuna ana ɗura wa 'yan kwikwiyon maganin kashe ƙwayoyin cuta tun ba su kamu da komai ba, don dai su jure wahalar hanya da cunkoso. Idan aka haɗa jarirai daga gidajen kiwo daban-daban a mota ɗaya, wanda ya zo da cuta sai ya raba wa saura.

Maman Sadiq:

Sannunku da ƙoƙari. Ni a Ingila nake, kuma ina ganin yadda aka tsara dokar nan ya amsa wani ɓangare na ƙorafin Baban Hanifa. Tun ranar 6 ga Afrilun 2020, haramun ne wani ya sayar da ɗan kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai wata 6 ba, sai dai idan shi ya kiwata shi. Dokar ba ta ware mai shago kaɗai ba, ta haɗa da dillali da duk wani mai shiga tsakani, ko yana da shago ko a waya yake cinikinsa. Mai son dabba ko dai ya je wurin mai kiwo, ko ya je gidan da ake riƙon waɗanda aka yasar. Shi kuma mai kiwo mai lasisi wajibi ne ya nuna wa mai saye ɗan kwikwiyon tare da uwarsa, a wurin da aka haife shi. Ana kiran dokar da sunan Lucy, wata karya da aka ceto daga wani gidan kiwo a yankin Wales a 2013, bayan shekarun keji sun lanƙwasa mata baya. Wales da Scotland sun yi nasu dokokin a 2021.

Ban ce ta magance komai ba. Ta fara aiki ne daidai lokacin kullen korona, lokacin da mutane suka yi ta rububin sayen karnuka, farashi ya yi tashin gwauron zabi, masu fasa-ƙwauri kuma suka yi ta shigo da 'yan kwikwiyo daga gabashin Turai. Akwai ma masu kama hayar gida su ajiye wata karya da ba ita ta haifi 'ya'yan ba, don mai saye ya ga kamar uwa ce. Duk da haka, ina ganin sharaɗin ganin uwa ya fi kama bakin zaren, domin ya tilasta a buɗe wurin da ake ɓoyewa.

Ɗan Maraɗi:

Hajiya, a nan Faransa mun bi wata hanya ta tsakiya. Dokar 30 ga Nuwamban 2021 ta hana shaguna sayar da karnuka da kyanwoyi daga 1 ga Janairun 2024. Abin da ya fi damun Faransawa shi ne yasar da dabbobi, musamman lokacin hutun bazara, inda mutum kan sayi dabba don sha'awar ɗan lokaci, idan tafiya ta taso ya rasa inda zai kai ta. Saboda haka suka ƙara wani sharaɗi tun Oktoban 2022: kafin mutum ya karɓi kare ko kyanwa, sai ya sa hannu a wata takardar alkawari da ke bayyana buƙatun dabbar da ɗawainiyarta, sannan ya jira kwana 7. Amma maganar Alhaji ta tabbata a nan ta wani gefen, domin wasu shagunan sun janye dabbobin daga idon jama'a kawai, suka koma tallata su a intanet, mai saye ya biya a can ya zo shago ya ɗauka. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi sun yi ta ƙorafi a kan wannan kafa.

Barista:

Irin wannan dabara ta faru a Amurka ma, kuma ta fi ta Faransa muni. Dokar Kalifoniya ta farko da ta Shikago sun bar wa shaguna damar sayar da dabbar da ta fito daga ƙungiyar ceto. Sai wasu dillalai suka yi rajistar ƙungiyoyin ceto na bogi, suna sayen 'yan kwikwiyo daga gidajen kiwon nan dai, su sauya musu takardu, su tura wa shaguna da sunan dabbobin da aka ceto, ana sayar da su dubban daloli. A 2019 babban lauyan jihar Iowa ya maka wasu daga cikinsu a kotu. Kalifoniya ta sake doka, daga Janairun 2021 shago ba ya sayarwa kwata-kwata, iyakarsa ya ba da wuri, kuma ba ya cin ko sisi daga kuɗin da mai riƙo ya biya. Niyok da ta zo daga baya ta koyi darasi, shi ya sa tun farko ta haramta sayarwar gaba ɗaya.

Malam Na Bakin Kasuwa:

Bismillah. Tunda mu Musulmi ne akasarinmu, bari in ɗan saka abin da malamai suka faɗa, domin kada wani ya ɗauka wannan doka da hukuncin shari'a abu ɗaya ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Abu Mas'ud al-Ansari, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin kuɗin kare. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad sun tafi a kan haramcin sayar da shi gaba ɗaya, Imamu Abu Hanifa ya halatta. A mazhabarmu ta Malikiyya an yi saɓani game da karen da aka yarda a riƙe, wato na farauta da na tsaron dabbobi ko gona: abin da ya shahara shi ne hani, amma Sahnun ya halatta. Kyanwa kuwa, akwai hadisin Jabir a Muslim da ya ambaci hani a kan kuɗinta, sai dai mafi yawan malamai sun halatta sayar da ita, suka ɗauki hanin a matsayin karhanci.

Dokokin da kuke tattaunawa ba su hana kuɗin kare ba, tunda mai kiwo yana sayarwa. Inda muka haɗu da su shi ne haramcin cutar da dabba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, sananne ne. Haka nan a Abu Dawud, sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Annabi ya umarce su da su mayar mata. Wanda ya san waɗannan ba zai ji bayanin Likita game da kejin nan ya ce ba ruwansa ba, ko da shi ba ya ajiye kare a gidansa.

Ɗan Zazzau:

Allah ya saka wa Malam. Ni tambayata ga Likita ce. Mu a gida karen farauta da na gadi a wurin maƙwabci ake karɓa, kyanwa kuwa ita ke kawo kanta. Amma yanzu a Abuja da Legas ana tallan karnukan waje a Instagram da WhatsApp da kuɗi masu yawa. Shin akwai abin da ya shafe mu a wannan magana?

Likitan Dabbobi:

Akwai, amma ta fuskar da ta bambanta. Mu babbar barazanarmu ciwon haukan kare ne, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Saboda shi ne Amurka ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe fiye da 100 a Yulin 2021, har da Najeriya, bayan an yi ta kama takardun rigakafi na jabu. Daga Agustan 2024 kuma duk karen da zai shiga Amurka sai ya kai wata 6, kuma yana ɗauke da 'yar na'urar shaida da ake dasawa ƙarƙashin fata. Wanda zai sayi ɗan kwikwiyo a waya a Abuja, abin da ya kamace shi shi ne ya je ya ga uwar da wurin da take kwana, ya kuma kai shi wurin likitan dabbobin da shi ya zaɓa, kada ya dogara da katin allurar da mai sayarwa ya miƙa masa.

Ɗan Kasuwa:

Na saurari kowa, amma har yanzu ban ga an amsa mini ba. Barista da Ɗan Maraɗi da Hajiya duk sun tabbatar da cewa cinikin bai mutu ba, wuri ya sauya. A 2024 jaridar Los Angeles Times ta buga bincike da ya nuna ana ci gaba da kwararo 'yan kwikwiyo daga jihohin tsakiya zuwa Kalifoniya ta hannun dillalai, waɗanda ke fitowa a intanet da sunan ƙananan masu kiwo na unguwa. Shekara biyar ke nan bayan haramcin. Kuma akwai kariyar da mai saye ya rasa. A Niyok, kafin haramcin, wanda ya sayi kare a shago, idan likita ya tabbatar cikin kwanakin aiki 14 cewa ba shi da lafiya, yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa, ko a canza masa, ko a biya kuɗin magani. Wanda ya tura kuɗi ga wani da bai taɓa gani ba, wa zai kama? Da yawa ma ba kare ake turo musu ba, hoto kawai suka saya.

Maman Sadiq:

Alhaji, ka yi gaskiya game da damfara, amma kada a manta shagon ma yana da tasa. Wanda ya shiga da yara suka ga ɗan kwikwiyo suka maƙale, a nan take ake miƙa masa takardar bashi mai kuɗin ruwa mai yawa. Har an samu waɗanda suka sa hannu suna zaton sun saya, ashe haya suka ɗauka, karen na kamfanin bashi ne sai sun gama biya. Abin ya kai jihohi irin su Nevada da Kalifoniya da Niyok sun haramta ba da hayar dabbobin gida. Mai saye a intanet aƙalla shi ya fita nema, shi kuwa na shago sau da yawa wucewa kawai yake yi. Cire dabbar daga bakin titi yana rage wannan saye na gaggawa, wanda shi ke cika gidajen riƙo da dabbobin da aka gaji da su.

Game da kyanwoyi kuwa, ina ganin dokar ba ta taɓa su sosai ba, domin matsalarsu yawan haihuwa ce a titi da gidaje, maganinta kuma dandaƙa da cire mahaifa. Masu tsada irin na Farisa ne kawai ke bin hanyar da Likita ya bayyana.

Baban Hanifa:

Na gode ƙwarai. Inda na tsaya yanzu shi ne, mai shago ba ɗan kallo ba ne kamar yadda masu goyon bayansa ke nunawa, tunda shi ke sayen kayan da yawa kuma a kai a kai, shi ne kuma labulen da ke tsakanin mai saye da uwar. Amma na fi gamsuwa da tsarin Ingila a kan namu, saboda ya bi mai shiga tsakani duk inda yake. Barista, shin akwai inda aka haɗa biyun, aka taƙaita kiwon kansa sannan aka hana shaguna?

Barista:

Akwai, jihar Victoria ta Ostareliya. Dokarta ta 2017 ta hana shaguna sayar da kare ko kyanwa sai wanda ya fito daga gidan riƙo, sannan ta ƙayyade wa mai kiwo karnuka mata 10 masu haihuwa, sai da izinin minista zai wuce haka, kuma ko da izinin ba zai haura 50 ba. Ta kuma wajabta wa duk mai tallan kare ko kyanwa, ko a intanet ne, ya sa lambar rajistarsa a cikin tallan. Sun iya yin haka ne saboda mai kiwo da mai shago da mai saye duk suna ƙarƙashin majalisa ɗaya, ko da yake su ma an yi ta ƙorafin cewa wasu masu kiwon sun tsallaka zuwa New South Wales da ke maƙwabtaka da su.

A Amurka wanda zai iya taɓa kejin Missouri daga nesa ita ce majalisar tarayya ko ma'aikatar noma, kuma ƙa'idar inci 6 tana nan ba a sauya ta ba. Abin da ma'aikatar ta yi a 2013 shi ne ta wajabta lasisi ga masu kiwon da ke sayarwa ta intanet ba tare da mai saye ya ga dabbar ido da ido ba, amma ta keɓe duk wanda matan karnukansa ba su wuce 4 ba. Kai kuma da kake Niyok, ka duba maƙwabtanku: a ranar da dokarku ta fara aiki, New Jersey da Connecticut da Pennsylvania ba su da haramci na jiha baki ɗaya, sai dai na wasu birane a cikinsu. Mai shagon da aka hana a wannan gefen kogin Hudson, wanda ya raba birnin Niyok da New Jersey, yana iya neman gari a wancan gefen da bai yi tasa dokar ba, ya buɗe, kuma abokan cinikinsa na da ba su da nisa da shi.